Kada a Sayar Mana da Orwell a Matse

George Orwell ya rasu a watan Janairun 1950. A ƙasashen Turai haƙƙin mallakar littafi yakan ƙare shekara 70 bayan mutuwar marubucinsa, don haka da shigowar 2021 littafinsa 1984 ya zama na kowa. Nan da nan shagunan Faransa suka cika da shi cikin zane, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kafin su, Fido Nesti ɗan Brazil ya fitar da nasa a 2020. Mai son ya ce ƙaunar adabi ce ta taso wa masu ɗab'i a rana ɗaya, sai ya ce. Mu dai mun ga kasuwa ta buɗe.

Ba zane muke faɗa da shi ba. Abin da ba za mu haɗiye ba shi ne cewar da ake yi yaran yanzu ba sa karatu, a ba su mai hoto, ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Mu masu rubuta manhaja mun san yadda ake matse fayil. Idan ka tura hoto ta WhatsApp, yakan isa da sauri ne don an zubar da wani abu daga cikinsa, wanda ake ganin ido ba zai lura ba. To a littafin Orwell, me za a zubar? Zuciyarsa harshe ce. Syme, abokin aikin Winston Smith, yana alfahari da ƙamus ɗin da kalmominsa ke raguwa kowace shekara, har a kai ranar da mutum zai rasa kalmar da zai yi tunanin tawaye da ita. A ɗauki wannan littafi a rage masa kalmomi don a sauƙaƙa wa mai karatu, a ce an yi masa hidima?

Na Ray Bradbury ya fi ban takaici. A Fahrenheit 451, wanda ya fito a 1953, aikin 'yan kwana-kwana shi ne ƙona littattafai. Shugabansu Beatty ya gaya wa Montag cewa abin bai fara daga gwamnati ba. Mutane ne suka riƙa neman taƙaitacce, sannan taƙaitaccen taƙaitacce, har littafi ya mutu, mujallun zane suka tsira. A 2009 Tim Hamilton ya mayar da wannan labari zane. Za a ce mana Bradbury da kansa ya yarda, har ya rubuta gabatarwa, kuma tun yana yaro masoyin labaran zane ne. Gaskiya ne. Amma shi ya girma a ɗakin karatu. Yaron da aka miƙa wa na Hamilton a madadin na asali fa?

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika faɗa ba. Mai zane dole ya ba zalunci fuska, sai ya ba shi takalmin soja, baƙin hayaƙi da gine-gine masu duhu. Mai karatu ya rufe littafin hankalinsa kwance, don unguwarsu ba haka take ba. Alhali allon da ke kallon Winston daga bango yau yana aljihunmu, da launi mai daɗi da maɓallin amincewa da muke dannawa ba tare da karanta komai ba. Irinmu ne ke gina shi. Rubutu yana barin ka ka cusa titinku da ofishinku cikin labarin, zane kuwa ya riga ya zaɓar maka.

Wanda ya san abin da yake yi yana iya tsallake wannan rami. Damian Duffy da John Jennings sun mayar da Parable of the Sower na Octavia Butler zane a 2020, suka bar muryar Lauren Olamina a matsayin rubutun kundinta na yau da kullum, har suka ci kyautar Hugo a 2021. Da ka gama shi, na Butler za ka nema.

Mu nan ma mun taɓa karɓar Orwell, amma ta hanyar kalma. Bala Abdullahi Funtua ya kawo Animal Farm cikin Hausa da sunan Gandun Dabbobi tun shekarun 1970. Malamin da ke shirin saya wa ɗalibansa mai hoto, ya fara nemo musu wannan.