Allurar Gargajiyar Sin Da Neman Haihuwa: Ina Aka Kwana?

A manyan biranen Turai da Amurka da Ostareliya, ɗakunan shan magani da dama suna yi wa mata masu neman haihuwa tayin maganin gargajiyar ƙasar Sin, wanda ake tsira wa mutum siraran allurai a wasu gurabe na jiki. Akan fi yin wannan tayi ga matan da likita ya shaida musu cewa ƙwayayen haihuwarsu sun yi ƙaranci. Masu bukata kuwa suna da yawa, domin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai shida yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa.

Likitoci sun ce ana haifar ’ya mace ne da dukkan ƙwayayenta, kimanin miliyan 1 zuwa miliyan 2. Lokacin balaga sun ragu zuwa tsakanin 300,000 da 500,000, a shekara 37 kuma saura wajen 25,000, sannan kimanin 1,000 a lokacin da al’ada ke ɗaukewa. Ingancin ƙwan ma yana raguwa da shekaru. Masu maganin Sin suna danganta wannan da raunin ƙoda, bisa fahimtarsu ta gargajiya, suna kuma cewa allurar tana ƙara gudanar jini zuwa mahaifa da ma’ajiyar ƙwai.

Abin da ya ɗaga darajar wannan magani shi ne wani bincike da aka wallafa daga Jamus a 2002, a kan mata 160 da ake yi wa dashen ƙwai, wato inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji kafin a mayar da shi mahaifa. Cikin mata 80 da aka tsira wa allurai, 34 sun sami ciki, yayin da 21 suka samu cikin 80 ɗin da ba a tsira wa ba. Labarin ya bazu, asibitoci suka yi ta buɗe ƙofa ga masu allura.

To amma da aka faɗaɗa gwajin, sai lissafin ya sauya. A 2018, masu bincike a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Caroline Smith sun wallafa sakamakon gwajin mata 848 a cibiyoyi 16 na Ostareliya da Niyu Zilan. An yi wa rabinsu allurar gaske, sauran kuma allurar bogi wadda ba ta huda fata. Kashi 18.3 cikin 100 na rukunin farko sun haihu, na biyu kuma kashi 17.8, bambancin da masana suka ce bai taka kara ya karya ba. Shekara guda kafin nan, a ƙasar Sin kanta, an gwada mata 1,000 masu wata cuta da ke hana ƙwai fita a kan kari. Allurar ba ta ƙara yawan haihuwa ba, amma ƙwayar magani mai suna clomiphene ta ƙara.

Game da ƙarancin ƙwai kuwa, akasarin binciken da ke yabon allurar ƙanana ne, kuma sun fi auna sinadaran jini maimakon yawan jariran da aka haifa. Ko su sinadaran sai an yi hattara da su. Wani bincike a Amurka a 2017 ya gano cewa matan da ba su da tarihin rashin haihuwa, waɗanda gwajin jini na AMH ya nuna suna da ƙarancin ƙwai, sun sami ciki kusan daidai da sauran mata. Ke nan ana iya tsorata mace da takardar gwaji, a sayar mata da magani, in ta sami ciki kuma a ce aikin allura ne.

Ba a cika samun illa daga allurar ba muddin ƙwararre ne ya yi ta da allurai masu tsabta, kuma mata da dama sun ce tana rage musu fargaba. Hasarar tana wajen kuɗi da lokaci. Matar da ta kai shekara 38, ta kwashe shekara guda tana zaryar ɗakin allura, za ta isa gaban likita da ƙwai ƙasa da wanda take da shi tun farko. Shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a nemi bincike bayan shekara ɗaya ba a sami ciki ba, ko wata shida idan matar ta kai shekara 35, a kuma auna mijin tare da ita, tun da sau da yawa matsalar daga gare shi take. Hausawa dai sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.