Hattara da Mujallun da ke Buga Bincike Cikin Kwana Uku

Wannan jan hankali ne ga matasanmu masu karatun digiri na biyu da na uku, da ƙananan malaman jami'a masu neman ƙarin girma.

A jami'o'in Najeriya malami ba ya hawa mataki sai ya nuna takardun binciken da ya wallafa, kuma jami'o'i da dama kan buƙaci ɗalibin digirin digirgir ya wallafa wani ɓangare na aikinsa kafin a yaye shi. Wannan matsin ne ya buɗe wa mujallun bogi kasuwa. Sai ka ga saƙo ya shigo ta imel cike da yabo, ana cewa ka biya dala kaza a buga maka takarda cikin kwana uku.

Mujallar kirki ba ta aiki haka. Edita zai miƙa takardar ga masana biyu ko uku na fannin, su duba yadda aka tattara bayanai da yadda aka yi lissafi. Wannan kan ci watanni, kuma sau da yawa a dawo maka da ita ka gyara, ko a ƙi karɓa. Wannan tantancewar ce ke ba bincike daraja.

A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri takardar ƙarya kan maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka amince su buga. Mujallar Science ce ta fitar da labarin.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Takardar da ta riga ta fito a mujallar bogi, mujallar kirki ba za ta sake karɓarta ba. Wahalar shekara biyu ko uku ta tafi a banza, kuma idan masu tantance ƙarin girma suka gane, su yi watsi da ita.

Biyan kuɗi shi kaɗai ba alamar damfara ba ne, domin mujallu irin su PLOS ONE ma suna karɓa, amma sai bayan tantancewa. Kafin ka aika, ka nemi sunan mujallar a Scopus ko DOAJ, ko AJOL mai tattara mujallun Afirka. Ka duba ko editocinta sanannun malamai ne, ka kuma tambayi ma'aikacin laburaren jami'arku.

Su ma hukumomin jami'o'i su rage ƙirga yawan takardu, su duba ingancinsu. Iyaye da 'yan uwa masu taimaka wa yaro da kuɗin wallafa, ku tambaye shi sunan mujallar tukuna. Takarda ɗaya mai kyau ta fi goma na bogi amfani.

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani.