Raƙumi ko Jaki: Shawara Ga Ɗan Ciranin Adar

Duk shekara idan damina ta ƙarato, samarin Madawa da Buza da Keita sukan dawo gida daga Abijan ko Libiya ko Najeriya da ɗan abin da suka tara. Da yawansu sukan so su zuba kuɗin a kan dabbar aiki. A nan ake raba hanya: wani ransa na kan raƙumi, wani kuma ya tsaya ga jaki da amalanke. Ni dai ra'ayina a fili yake. Ga magidancin da dabba ɗaya kawai zai iya saya a wannan yanki, jaki ya fi masa.

Ba raina raƙumi nake yi ba. A cikin rairayi babu na biyunsa. Tafin ƙafarsa faffaɗa ne mai laushi, ba ya nutsewa inda jaki zai yi ta kafewa. Yana kwanaki bai sha ruwa ba, yana cin ganyen ƙaya daga saman itace, yana ɗaukar kayan da sai an haɗa jakuna kafin su ɗauka. Da shi Buzayen Kelgeres na kewayen Madawa suka yi suna a ayarin gishirin Bilma, suna gangarawa da kantu har Sakkwato da Kano.

Amma mu dubi ƙasar da muke takawa. Adar ƙasar duwatsu ce da fako da kwazazzabai. Daga Tamaske zuwa Garhanga, ko daga Buza zuwa ƙauyukan kan tudu, tsakuwa da hawa da gangara sun fi rairayi yawa. Wannan tafin mai laushi, dutse mai kaifi yana cinsa. Idan ruwa ya sauka, fadamun Magiya da Tarka suka zama laka, raƙumi santsi yake ɗauka, kuma faɗuwar amale da kaya a bayansa asara ce babba. Jaki da ɗan kofatonsa mai tauri yana hawa dutse, yana ratsa taɓo, yana shiga lungun da amalanken shanu ma ba ta shiga. A rairayi yana wahala, gaskiya ne, amma yana isa.

Sai kuma tambayar da masu saye ba su cika yi wa kansu ba: wa zai yi aiki da dabbar? Maigida wata uku ko huɗu yake yi a gida, da an gama girbi ya sake ɗaukar jakarsa. Sauran shekarar, uwargida da yara ne da gidan. Yaro ɗan shekara 10 yana iya kora jaki rijiya ya dawo da jarkoki cike. Da jakin ake kai taki gona, a kwaso kara da itace, a ɗauko buhunan albasa daga lambu zuwa bakin titi, a kai mai naƙuda likita da tsakar dare. Raƙumi kuwa yana son mai shi, wanda ya san akala, ya san halinsa lokacin da ya yi zafi. In babu wannan mutum, dabbar mai tsada ta zama baƙon da ake ciyarwa.

Na san abin da za a ce: jaki ma ya daina araha. Haka ne. Buƙatar fatarsa a ƙasar Sin ta sa aka yi ta kwasarsa. An ruwaito cewa a 2015 jakuna kimanin 27,000 aka fitar daga Nijar, a 2016 kuma adadin ya kai wajen 80,000 tun shekarar ba ta ƙare ba, har gwamnati ta hana fitar da su. A watan Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fata. Ni a wurina wannan hujja ce, ba cikas ba. Sai da jakin ya fara ƙaranci muka gane nauyin da yake ɗauke wa mata, domin gidan da ya rasa shi, kan mace tulu yake komawa.

Akwai wanda raƙumi ya dace da shi. Mai fatauci zuwa arewa wajen Abalak, ko mai babbar gonar jigawa da zai yi huɗa da shi, ko wanda ya riga ya mallaki jaki yana neman ƙari, wannan ya saya, Allah ya sa albarka. Wanda nake ja wa kunne shi ne mai saye don a ce wane ya dawo da arziki.

Kafin ka kira dillali a kasuwar Tunfafi, ɗan'uwa, zauna ka ƙirga kwanakin shekara. Nawa ne za ka ratsa rairayi da kaya mai nauyi, nawa ne kuma iyalinka za su je rijiya? Amsar da ka samu, ita za ka riƙe wa igiya zuwa gida.