Lasisin Bindiga 9,500: Mu Buga Lissafin

A watan Agustan 2021, a garin Jibiya, Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya ce wa jama'a su nemi makamai su kare kansu daga 'yan bindiga. Ya maimaita maganar a watan Disamba. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta wuce nan, ta ce za ta raba fom 500 na neman lasisin bindiga ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar. Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka kai hari Batsari ko Faskari, zancen kan dawo majalisunmu na Gobarau a Katsina: a sassauta doka, a bar talaka ya riƙe bindiga, ɓarawon daji zai shiga taitayinsa. Magana ce mai sanyaya ran wanda aka zalunta. Amma tunda mu ne masu biya, mu ɗauko biro.

Fom 500 sau 19 ya ba da 9,500. Ƙidayar 2006 ta ce mutanen Zamfara kusan miliyan 3.28 ne. In an raba, bindiga ɗaya ta faɗo wa mutum 345, kuma da ƙidayar da ta shekara 16 a lokacin sanarwar. Katsina na da mutum miliyan 5.8 a waccan ƙidaya. Kafin mu kai ko wannan ɗan rabon, sai an buga lasisi kusan 16,800.

Sai tambayar da ta fi nauyi. Shin ƙarancin bindiga ne ke damunmu? Cibiyar Small Arms Survey da ke Jeniba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 6.2 a hannun farar hula a Najeriya. Na soja da 'yan sanda da sauran jami'an tsaro, in an haɗa, ba su cika 600,000 ba. Fiye da goma ga ɗaya ke nan. Da yawan bindiga a hannun jama'a ke kawo barci, da tuni mun yi minshari. A ɗora 9,500 ɗin Zamfara a kan wannan tari: ƙarin ɗaya ne a kan kowace 650. Wanda ya kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020 bai cike fom ba. Doka ba ta taɓa tare shi ba, don haka sassauta ta ba ta rage shi da komai.

Wace bindiga ma ake magana? Dokar makamai ta 1959 ta kasa su uku. Na yaƙi, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai harsashi, sai Sufeto Janar na 'yan sanda. Harba-ka-ruga, kwamishinan 'yan sanda na jiha. Gwamna ba ya cikin masu sa hannu a biyun farko, shi ya sa Janar Lucky Irabor, babban hafsan tsaro na lokacin, ya fito ya ce Zamfara ba ta da wannan hurumi. Amma a ce an ba da. Bindigar farauta ba ta da tasiri sosai bayan mita 50, cikinta harsashi biyar zuwa takwas. AK-47 tana cin mita 300, gidan harsashinta na ɗaukar 30. Babur 20, kowanne da goyon mutum biyu masu bindiga ban da matuƙi, harsashi 1,200 ke nan kafin wani ya sake ɗuri. Manomi goma masu lasisi suna da 80, kuma sai maharin ya matso.

Kuɗin fa? Gwamnati fom ta yi alkawari, ba bindiga ba. Mai karatu ya sa farashin da ya ji a gari. Ni zan ɗauka naira 500,000 ce, don lissafi kawai. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Wata bakwai ke nan da 'yan kai, ba ci ba sha, ga wanda ke da albashi. Manomin Ɗanmusa ba shi da shi, sai ya sayar da sa ko buhunan masara. Bindiga 9,500 a wannan farashi naira biliyan 4.75 ce, daga aljihun mutanen da suka riga suka biya haraji don a tsare su, wasu kuma suka biya kuɗin fansa. Harsashi da horo ba su shiga ba tukuna.

Hanyar Gwamna Dikko Umar Raɗɗa na Katsina ta fi tsari, don ta sa bindiga a hannun mai sunan da ke rubuce. A Oktoban 2023 ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai mutum kusan 1,500. Ko da ƙananan hukumomi takwas na bakin daji kaɗai aka ba, kowace ta samu ƙasa da 190. A raba dare da rana, ƙasa da 95. Ba su isa ba, amma ana iya ƙirga su, ana iya tuhumarsu.

Ƙirgar nan ita ce bambancinmu da Amurka, inda su ma ake musu kan sassauci. Tun 1934 dokarsu ta ɗora harajin dala 200 da rajista a kan salansar bindiga, wadda ke rage ƙara. A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a dokar da ta mayar da harajin sifiri daga Janairun 2026, rajistar kuma ta zauna. Masu adawa sun ce makasa za su riƙa harbi ba a ji. Ƙarar harbi takan kai ma'aunin desibel 160, salansa na rage 20 zuwa 35, abin da ya rage har yanzu yana cutar da kunne. Masu goyon baya kuma suna kafa hujja da wata takardar 2017 ta ATF, hukumarsu mai kula da makamai: salansa kusan miliyan 1.3 masu rajista, ƙararraki kimanin 44 a shekara. Ɗaya cikin 30,000. Adadin ƙarami ne, gaskiya. Sai dai an same shi ne ƙarƙashin haraji da ɗaukar zanen yatsa da dogon jira. Bai faɗi abin da zai faru bayan an ɗage su ba. Kuma wanda ya kashe mutum 12 a Virginia Beach a 2019 da salansa ya yi.

Amurkawa dai suna da littafin da za su duba nan da shekara biyar. Mai son a sassauta mana nan ya fara kawo nasa: lasisi nawa aka bayar, bindiga nawa aka ƙwace daga masu su a hari, nawa aka harba a rikicin gona ko na siyasa. Mun ga 'yan sa-kai. Da sunan kare kai suka fara, har gwamnatocin Katsina da Zamfara suka haramta su saboda kisan ramuwar gayya.

Masari da Matawalle sun sauka a Mayun 2023. Bayan wata uku, a Agusta, muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai a faɗin ƙasa. Wanda ya sayar da sansa kan maganar gwamna, bindigar na nan a ɗakinsa, takardar kuma babu.