Mu Daina Hawa Kan Lodi

Duk wanda ya tsaya a bakin hanya ranar kasuwar Mangu ko Saminaka ko Kachia ya san abin da zan faɗa. Za ka ga gingimari an cika ta da buhunan masara ko citta har sun wuce bodi, an ɗaure tanfol, sannan ga mutane tsugune a can bisa, har da mata masu goyo. Motocin shanu masu zuwa Kudu ma haka, ana shimfiɗa katako a kan dabbobi, samari su zauna. Mun saba da ganin wannan har ya daina ba mu tsoro.

A bara na tsaya a bakin kabarin wani saurayi na ikilisiyarmu. Ya bi buhunan dankalinsa goma zuwa kasuwa, motar ta kife a kwana, kayan da ya noma da hannunsa suka danne shi. Direba da yaron mota sun fita da rai, domin suna gaba.

Dalilin a fili yake. Idan lodi ya yi tsawo, nauyin mota yana komawa sama, ƙaramar kwana ko rami ya isa ya kayar da ita. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, birki yakan yi zafi ya ƙi kamawa. Wanda ke bisa kaya ba shi da kujera, ba shi da abin riƙewa. Motar na faɗuwa za ta watsar da shi, buhuna su biyo baya.

Na san amsar da za a ba ni: talauci. Gaskiya ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka, kuma manomi yana tsoron rabuwa da kayansa kada a cuce shi. Amma mu yi lissafi. Abin da aka rage a kuɗin mota ba zai biya asibiti ba, balle ya ciyar da marayu. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Iyayenmu sun ga wani tsari dabam. Layin dogo ya isa Kano a 1911. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, reshe ya haura Jos, a 1964 kuma layi ya kai Maiduguri. Gyaɗa da auduga da kuza da shanu suna da taragonsu, fasinja suna da nasu. Da aka yi sakaci da reluwe, duk nauyin nan ya dawo kan kwalta, hanyoyi suka farfashe. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 abin yabo ne, amma mai citta a Kwoi bai amfana da shi ba. Muna roƙon gwamnati ta tuna da tsohon layin nan da jiragen kaya.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Manoman ƙauye ɗaya su haɗa kayansu, a rubuta buhunan kowa, a wakilta amintaccen mutum ɗaya ya zauna gaba tare da direba. Shugabannin tasha da 'yan kamasho su hana mota tashi in akwai mutum bisa lodi. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta sauke irin waɗannan fasinja tun daga bakin kasuwa.

Mu ma sai mu duba kanmu. Sau nawa muka cusa zumuntar mata ko 'yan kwaya a bayan a-kori-kura, tare da buhunan shinkafa da itace, za a tafi taro ko jana'iza? Ina roƙon dattawan ikilisiya, duk lokacin da ake shirin tafiya, a sa kuɗin motar kirki cikin lissafi tun farko. In kuɗi bai kai ba, a rage masu tafiya. Kirsimeti na zuwa, hanyoyi za su cika. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.