Ɗan Lifidi Ɗaya Ya Isa Yaƙi Goma

Akwai wata sabuwar doka da wasu 'yan uwa suke son kafa mana a nan Garwa, mu da muke wasan yaƙi da ƙananan dawakai da dakarun yumɓu a kan teburin yashi. Wai duk yaƙin da za a jera, sai an ƙera masa mayaƙansa na musamman. Wai dokin da ya fito a yaƙin Mandara ba shi da izinin sake fitowa a yaƙin Marwa, domin kama da wane ba ta wane. Har wani ya ce mini abin da muke yi cin amanar tarihi ne. Ni na ce a'a, kuma ga dalilina.

Ga wanda bai san wasan ba, abu ne mai sauƙi. A zuba yashi a kan tebur, a tayar da tudu, a ja layin kogi, a jera 'yan mayaƙa waɗanda tsawonsu bai kai yatsa ba. Da rula ake auna tafiyar kowace runduna, ƙwayar ludo kuma ita ke yanke wanda kibiya ta samu. Ba shiririta ba ce kamar yadda wasu ke zato. Sojojin Furusiya, kakannin Jamusawan da suka zo suka ci ƙasar nan, tun 1824 suke horar da hafsoshinsu da irin wannan wasa a kan taswira, kuma a 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafi sukutum kan dokokinsa. Maganar ko ya halatta a ƙera siffa, wannan ta malamai ce, ba ita ta kawo ni ba.

Abin dariyar shi ne, Turawan da 'yan uwan namu suke kwaikwayo ba su da wannan tsaurin. Mai wasa a can yakan sayi 'yan mayaƙan dalma masu tsawon milimita 28, ya fente su, ya buga Yaƙin Shekara Talatin da su, wanda aka yi a ƙasashen Jamus daga 1618 zuwa 1648. Gobe ya sauya musu tuta, ya tura su yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642. Dogon mashi iri ɗaya ne, bindiga mai lagwani iri ɗaya ce, har wasu hafsoshin ma su ne dai, domin irin su Yarima Rupert a yaƙin Jamus suka koyi sana'ar kafin su ƙetara Ingila. To, idan mai kuɗin Yuro yana maimaita kayansa, don me ɗan makaranta a unguwar Fulɓere, wanda ke ɗebo yumɓu a bakin Binuwai ya gasa a murhun mahaifiyarsa, za a ce sai ya ƙera ɗari biyu sababbi duk wata?

Amma ba talauci ne babbar hujjata ba. Babbar hujjata ita ce, tarihin namu da kansa maimaita kaya ya yi. Sulke ba riga ba ce da ake ɗinkawa don yaƙi guda. Daga ƙetaren Sahara ake kawo shi, da tsada, a adana shi a fada, uba ya sa, ɗa ya gada, jika ya gyara zoben da ya ɓalle. Lifidi kuwa, auduga ce aka cusa aka ɗinke, a rufe doki da ita, a rufe mahayi, don kibiya mai dafi ta maƙale kafin ta kai fata. Baturen nan Denham da ya zo Borno a 1823 ya ga mahaya da sulke da lifidi, an kuma zana su a littafinsa. Barth da ya iso Yola a 1851, ya kuma bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgum, irin mayaƙan da ya tarar ke nan. Ku duba waɗannan zane-zane, sannan ku tsaya bakin hanya ranar hawan salla a Garwa ko Rai Buba, ku gaya mini bambancin da ya kai a sake gasa yumɓu. Launi ne, da tuta, da yadda aka naɗa rawani. Waɗannan kuwa tsumma da fenti sun isar.

Har ma akwai abin da yaro ba zai gane ba sai an maimaita masa doki ɗaya. A watan Satumba 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita. A ƙarshen shekarar ya gwabza da Jamusawa a Garwa, sannan a watan Janairu 1902 aka yi karon Marwa da Hans Dominik, inda bindiga mai aman harsashi ta kashe mahaya masu ɗimbin yawa. Idan ka ɗauko ɗan lifidin da yaron ya gani makon jiya yana korar dakaru a fagen 1850, ka ajiye shi gaban wannan bindiga, ka ba yaron ƙwayar ludo ya jefa, ba ka buƙatar dogon bayani. Zai ga cewa jarumin bai sauya ba, kayansa ba su sauya ba, duniyar ce ta juya masa baya. In ka ƙera sabon mahayi don Marwa, ka ɓoye masa ainihin abin da ya faru.

Kada a ɗauka cewa nake komai ya dace da komai. Akwai iyaka, kuma masu dokar nan, duk da hayaniyarsu, ba su san inda take ba. Farkon jihadin Fombina, bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta wajen Shehu Usmanu wajajen 1809, ƙarfin Fulani a baka da kwari yake, ba a doki ba. Shi Denham ɗin nan ya bi Barka Gana da Larabawa masu bindiga da mahayan Mandara zuwa hari kan wani garin Fulani, kibiya mai dafi ce ta watsa su, Baturen da ƙyar ya sha, har tufafinsa aka tuɓe. Wanda ya cika ɓangaren Fulani na wannan fage da 'yan lifidi ya yi ƙarya. Haka Rabe, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna Dikwa, aka kashe shi a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900. Rundunarsa ta 'yan bindiga ce, tuta-tuta, masu horo irin na sojan Masar, ba ta barade masu mashi ba.

Yaƙin Duniya na Farko kuwa ba ya ma buƙatar gardama. A watan Agusta 1914 Ingilishi suka taso daga Yola suka afka wa Garwa, aka kore su, kwamandansu Maclear ya mutu a nan. Sai a watan Yuni 1915, bayan an jawo igwar jirgin ruwa ta kogin Binuwai, Faransawa kuma suka kawo tasu, sannan von Crailsheim ya miƙa wuya. Can a dutsen Mora, von Raben ya riƙe har Fabrairu 1916. Wannan yaƙin ramuka ne da waya mai ƙaya, na 'yan Afirka cikin kaki, da yawansu masu jin Hausa, suna harbin juna a ƙarƙashin tutocin da ba nasu ba. Ɗan lifidi ba shi da gurbi a nan. Amma ku lura, ko a nan ɗin maimaitawa na aiki: sojan kaki ɗaya, ka sauya masa hula, ya tashi daga ɓangaren Jamus ya koma na Ingila. Na kan bar yara su sauya hular da hannunsu, domin tambayar da ke biyo baya ta fi duk wani darasi da zan karanta musu.

Yanzu bari in zo inda ke yi mini ciwo. Ana ga yaƙi, 'yan uwan nan suna ga ƙura. Sun kwana suna musu kan ko jalalar dokin Ngaundare ja ce ko kore, amma ku leƙa akwatunansu. Mahaya sun cika maƙil. Ina Fali, waɗanda suka hau duwatsun Tingelin da ke arewa da garin nan suka kāre kansu? Ina Bata na bakin kogi? Ina Mbum, ina Giziga, ina Musgum da aka riƙa kai wa hari ana kwasar 'ya'yansu? Yawancin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 a ƙasar nan da waɗannan mutane aka yi su, ba tsakanin fada da fada ba. In an tashi jera su, sai ka ga an ɗauko tsakuwa ko marfin kwalba an ce ga "abokan gaba". A cikin yaran da ke zagaye da teburin kuwa akwai jikokinsu, suna kallon kakan wani a kan doki mai ado, kakansu kuma marfin kwalba ne. Wannan ne cin amanar tarihi, in dai ana neman inda za a liƙa kalmar, kuma dokar kowane yaƙi da dokinsa ƙara shi take yi, domin duk yumɓun da lokacin da za a ƙera maharbin Fali da su sun tafi wajen ƙera mahayi na ɗari uku.

Ba ma a rasa gwanaye ba. Maƙeran Kotoko sun daɗe suna zuba 'yan mitsi-mitsin mahaya na tagulla, kuma masu sana'ar hannu a kasuwar Marwa in ka kwatanta musu abu za su fitar maka da shi. Ni dai 'yan lifidina talatin ne, kuma ba zan ƙara ko ɗaya ba. Za su yi wa Borno yaƙi, su yi wa Mandara, su yi wa Yola, su faɗi a Marwa, in kakkaɓe musu yashi su koma akwati. Damina mai zuwa maharba zan ƙera, da rumbuna, da gidajen kan dutse, da mata masu ɗauke da yara suna hawan tudu. Wanda dokar nan ta dame shi, ya zo da yumɓunsa ranar Asabar bayan la'asar, akwai gurbi a murhu.