Miyar Kifi Ranar Baƙi: Abin Da Wuta Ba Ta Iya Gyarawa

 Yau za mu fita daga kantin magani mu leƙa madafa, saboda saƙon da wata 'yar'uwa ta turo mini daga Maitumbi a Minna. Ta ce ranar Asabar ta sama za a kawo lefen ƙanwarta, dangin ango mata kusan goma sha biyar za su taso daga Bida, kuma ita aka ɗora wa girki. Tana so ta yi miyar kifi haɗe da jatan lande irin wadda ta taɓa ci a Legas. Shirinta shi ne ta sayi kifin ƙanƙara, wato titus, tun ranar Alhamis ta jefa a firiza don ta rage wa kanta hidima. Tambayarta ɗaya ce: gwaggon ango tana da hawan jini, ko miyar za ta cutar da ita?

'Yar'uwa, wanda zai dafa wa Nufawa kifi ai dole ya zage dantse, don haka na fahimci damuwarki. Zan zo kan maganar gwaggo. Amma abin da ya sa na kawo saƙonki wannan shafi, maimakon in amsa miki ke kaɗai, shi ne wannan sayayyar ta ranar Alhamis.

Shekarun baya, wata rana da bazara bayan magariba, mata biyar suka shigo kantin da nake aiki, dukkansu daga gidan suna ɗaya. Fuska da wuya sun ɗauki zafi, ido ya yi ja, jiki na ƙaiƙayi, kai na sarawa. Biyu na cewa zuciyarsu na bugawa da sauri, ɗaya kuma gudawa ta fara. Kafin in gama tambaya har sun yanke hukunci a tsakaninsu: wani abu aka barbaɗa a abincin, kuma sun san wadda ta yi, domin mai jegon tana da abokiyar zama. Da na tambayi abin da suka ci, suka ce shinkafa da miyar titus. Ɗaya ta ƙara da cewa kifin ya ɗan yi mata yaji-yaji a harshe, kamar an zabga masoro. Daga baya aka gano kwana biyu da sayen kifin, kuma unguwar ta kwana ta wuni babu wuta. Babu wanda ya barbaɗa komai. Amma an daɗe ba a gaisawa a gidan nan.

Ga abin da ke faruwa. Kifin teku mai duhun tsoka, irin su titus, shawa, sadin da tuna, yana ɗauke da wani sinadari mai yawa da ake kira histidin. Idan kifin ya mutu kuma bai samu sanyi sosai ba, ƙwayoyin cuta da ke jikinsa suna juya wannan sinadari ya koma histamin. Histamin kuwa shi ne abin da jikin ɗan Adam ke fitarwa da kansa a lokacin borin jini, shi ya sa alamomin suke kama. Suna bayyana da sauri, daga 'yan mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu bayan cin abincin.

Inda gizo ke saƙa shi ne, wuta ba ta kashe histamin. Ko ki soya kifin ya ƙame, ko ki bar shi ya yi awa yana tafasa, ko ki mayar da shi firiza ya sake daskarewa, in dai ya riga ya taru, yana nan. Mu mata mun saba da cewa in abu ya ɗan fara canzawa sai a “tafasa shi da kyau”. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma ba ta cire abin da suka riga suka bari a tsokar. Kuma sau da yawa kifin ba ya wari, ba ya canza kala. Hanci ba zai cece ki ba.

Ki tuna tafiyar da titus ya yi kafin ya iso hannunki: daga tekun arewacin Turai zuwa tashar jirgin ruwa a Legas, daga can a mota zuwa ɗakin sanyi a Minna, daga nan zuwa teburin mai sayarwa, inda yake narkewa a rana ana yayyafa masa ruwa. Sannan ki kawo shi gida ki damƙa wa wutar lantarki amanarsa na kwana biyu. Mu da Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru ke jiharmu, mun fi kowa sanin cewa zama kusa da madatsa ba shi ne samun wuta ba. Firiza da ke cike maƙil, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kamar kwana biyu. In rabi ce, kwana ɗaya. Firji kuwa awa huɗu ne kacal. A gidan da ake biki, yara na buɗewa suna ɗaukar ruwan sanyi kowane minti goma, wannan lissafin ma bai tsaya ba.

Shawarata: ki bar titus a wannan karon. Ke da ke zaune a Maitumbi, bakin hanyar da ta nufi Gwada da Shiroro, me ya kai ki neman kifin da ya ƙetaro teku? Ki nemi tarwaɗa mai rai da safiyar Asabar ɗin, ko a Kasuwar Kure ko wurin masu kiwon kifi a unguwa, a yanka miki a gabanki. Kifin da kika ga yana motsi da idonki ba ya buƙatar shaida. Tarwaɗa da karfasa ba sa cikin jerin kifin da aka sani da wannan matsala ta histamin, ko da yake su ma suna lalacewa in aka bar su a zafi. In karfasa ko giwan ruwa kika samu, ki duba idon ya zama garau ba hazo-hazo ba, ki ɗaga murfin kuncin ki ga ja ne, ki danna tsokar da yatsa ki ga ta dawo. In kuwa sai titus ɗin, to ki saya ranar girki, daga cikin kwalin da yake daskare kamar dutse, ba wanda aka baje a tebur ba. Daga kasuwa gida kai tsaye. Kada a biya wurin tela, kada a tsaya gaisuwar mara lafiya. A zafi irin na Minna, awa ɗaya a waje ta yi wa ɗanyen kifi yawa.

To, girkin. Mutum goma sha biyar, manyan tarwaɗa huɗu sun isa in aka yi wa kowace yanka biyar. Ki zuba musu ruwan zafi, ba tafasasshe ba, na ɗan lokaci kaɗan, yauƙin zai yi fari ya kankaru. Ki bi da lemon tsami ki ɗauraye. Ki daka citta, tafarnuwa da masoro kaɗan ki shafe kifin, ki rufe ki sa a firji ko a kula mai ƙanƙara. Kada ya zauna a kan tebur yana jiran miya.

Ki niƙa tumatir kamar ashirin, tattasai takwas, attaruhu huɗu ko biyar da albasa biyu manya. Ki fara tafasa markaɗen shi kaɗai har ruwan ya tsotse, sannan ki soya albasa ɗaya a man gyaɗa ludayi biyu ki juye markaɗen a kai. A nan ake haƙuri. Ki bar shi a wuta marar ƙarfi har mai ya taso sama, tsamin ya mutu da kansa. Na san da yawa suna jefa kanwa don su gajarta wannan jira, zan faɗi abin da ya sa ban so ba nan gaba kaɗan. Ki sa daddawa ƙulli biyu dakakkiya, ki tsayar da ruwa daidai kaurin da kike so. Idan ya tafasa, sai ki jera kifin ɗaya bayan ɗaya a faffaɗar tukunya. Daga nan ludayi ya huta: ki riƙa kama hannayen tukunyar kina girgizawa, in ba haka ba farfesun dagargajajjen kifi za ki kai wa baƙi. Minti goma sha biyar ya isa. Ki duba yanka mafi kauri, in tsokar ta yi fari har ciki kuma tana rabuwa da ƙashi, ya nuna. Ki watsa ganyen ɗoɗɗoya ki sauke.

Jatan lande kuma, ina roƙonki ki yi masa tukunyarsa daban. Ki ɗebi miyar kaɗan a ƙaramar tukunya, ki zuba shi a ciki, minti uku ko huɗu ya isa, in ya wuce haka ya koma roba. Dalilin rabawar ba na daɗi ba ne. Jatan lande da ƙaguwa suna cikin abincin da suka fi tayar wa manya borin jini mai tsanani, kuma wanda jikinsa ba ya so, ɗan kaɗan ya ishe shi. Tsame jatan landen daga kwanonsa ba ya magani, domin ya riga ya shiga romon. Haka nan busasshen kirefish da ake dakawa a zuba a miya, dangi ɗaya ne, kuma ya fi haɗari tunda ba a ganinsa. Mata goma sha biyar da ba ki taɓa gani ba, ba ki san jikin kowa ba, kuma baƙuwa da kunya ba za ta tambayi abin da ke cikin miyar surukai ba. Ke za ki faɗa lokacin ajiye kuloli: “Wannan da jatan lande, wannan babu.” Kowace da ludayinta.

In Allah ya kiyaye aka samu matsala, ki iya bambancewa. Idan mutane da yawa ne lokaci ɗaya, da zafin fuska, ƙaiƙayi da ciwon kai, to kifin ne. A daina ci, a sha ruwa. Babba zai iya shan Piriton ƙwaya ɗaya mai miligiram 4, ko cetirizine, kuma yawanci yana lafawa cikin sa'o'i. Amma Piriton na sa barci, wanda ya sha kada ya kama sitiyari zuwa Bida a wannan yammacin. Idan kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na fita da ƙyar ko mutum na neman suma, ba maganar Piriton ba ce, ba kuma ta manja ko madara ba. Allurar adiranalin ake buƙata, a nufi Babban Asibitin Minna ko asibiti mafi kusa nan take. Masu asma su ne abin ya fi yi wa sauri. Sai kuma masu shan maganin tarin fuka: ɗaya daga cikin magungunan, isoniazid, yana hana jiki sarrafa histamin yadda ya kamata, don haka ɗan abin da wani zai ci ya wuce lafiya, su sai ya kayar da su. Duk wanda ke kan wannan magani ya yi taka-tsantsan da titus, tuna da sadin har ya kammala.

Yanzu gwaggo. Kifin kansa ba ya tayar da hawan jini, ya ma fi mata jan nama mai kitse. Matsalar tana hannun mai girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, daga safe har dare. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma sinadarin sodiyam ne a cikinta, shi ne dai abin da ake gudu a gishiri. In kika haɗa gishiri, magi goma, kanwa da garin ɗanɗano na leda a tukunya ɗaya, kin gama mata kason yini a zama ɗaya. Ki bar daddawa, citta da albasa su yi aikinsu, ki sa magi kaɗan, ki ɗebar wa gwaggo nata kafin ki ƙara gishirin ƙarshe. Kuma ta sha maganinta na safe kafin su kamo hanya. Da yawa suna tsallake shi ranar tafiya don gudun fitsari a mota.

In za a zo da yara, babba ya zauna ya cire musu ƙaya da hannu. Idan ƙaya ta maƙale kuma ba ta wuce ba, a bar tura lomar tuwo ko ayaba a kanta, a je a cire. Wata kuma za ta hana a kawo fura da nono bayan kifi, wai yana jawo kuturta. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, ba haɗin abinci ba. Amma ba ranar lefe ake wannan gardama da dangin ango ba, ki kawo zoɓo a zauna lafiya.

Ki lissafa lokaci ta yadda za ki sauke miyar kusa da isowarsu, domin masu kawo lefe in sun ce azahar, ki sa rai da la'asar. Ki gama soya markaɗen da wuri, amma kada ki jefa kifin sai sun kira sun ce sun shigo gari. Abin da ya rage bayan sun tashi, ki juye a ƙananan robobi ya shiga firji cikin awa ɗaya ko biyu. In babu wuta, ki raba wa maƙwabta a daren, kada ya kwana a kula.

Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar biki. Sai mako mai zuwa in Allah ya yarda.